Me ya sa ake jera shimfiɗu da yawa a kan faifan had disk?

Tambaya: Ni mai gyaran kwamfuta ne. Na buɗe had disk ɗin da ya mutu, na ga faifansa yana ƙyalli kamar madubi, aka ce min shimfiɗu ne birjik a kansa. Me ya hana a yi shafin maganaɗisu guda ɗaya a huta?

Amsa: Malam, girman ƙwaya ne ya hana. Ana rubuta bayanai a kan 'yan ƙwayoyin maganaɗisu masu faɗin nanomita 8 zuwa 10, kuma sai nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya. Ƙarin ajiya na buƙatar ƙananan ƙwayoyi, amma in suka yi ƙanƙanta fiye da kima, zafin ɗaki kaɗai zai juya su, bayanan su goge da kansu. Shi ya sa masu ƙerawa ke son ƙarfin da ke riƙe ƙwayar ya ninka na zafi kusan sau 60, don rubutu ya yi shekara 10. In kuma aka zaɓi sinadari mai taurin kai, kan rubutu, wato 'yar na'urar da ke rubutu da karatu a bisa faifan, ba zai iya juya shi ba. Don fita daga wannan tsaka mai wuya ake jera shimfiɗun.

Tushen faifan alminiyam ne ko gilashi. A kansa ake fesa shimfiɗa mai sauƙin karɓar maganaɗisu, ta gaurayen kobalt da ƙarfe, wadda ke jawo ƙarfin kan rubutu ya ratsa ƙasa a tsaye. Shun-ichi Iwasaki na Jami'ar Tohoku a Japan ne ya kawo wannan dabara ta rubutun tsaye, kuma Toshiba ta fitar da ita kasuwa a 2005. Ana raba wannan shimfiɗa ta kobalt da ƙarfe gida biyu da wani sinadari mai suna ruteniyam, mai kaurin kusan nanomita 0.8, ta yadda ɓangarorin za su fuskanci saɓanin juna, hayaniya ta ragu wajen karatu. Kaurin nan ba a wasa da shi: in ya kauce kaɗan, haɗin ya raunana ko ya juye.

Sai wata shimfiɗar ruteniyam mai kauri, wadda ke sa ƙwayoyin sama su tsiro a miƙe. A kanta ainihin ma'ajiyar take: kobalt, kuromiyam da filatinam, da silika tana zagaye kowace ƙwaya kamar katanga. In katangar ta yi siriri, ƙwayoyi su riƙa juyawa tare, iyakar rubutu ta dagule.

Sababbin faifai, irin na Seagate masu terabayit 30, sun koma gaurayen ƙarfe da filatinam. Saboda taurin kan wannan gauraye, hasken leza ne ke ɗumama ɗigon da za a rubuta ya haura digiri 400 na Celsius kafin ya rubutu.

Abin da ke saman duka kuwa kabon ne mai kusan nanomita 2, da ɗan mai. Kan rubutun yana shawagi nanomita kaɗan a bisa faifan, don haka ƙura guda ko shatin yatsa ya isa ya kankare shi. In akwai bayanan da kake son ceto, kada ka buɗe murfin a shago.