Kwaikwayon yaƙi ko zaga filin daga?

Malam, ka tambaya wanne ya fi wajen tunawa da yaƙin tarihi: kallon masu kwaikwayonsa, ko zaga filin daga da ɗan jagora. Ni zagayen nake fifitawa.

Ɗauki Gettysburg a Amurka, inda sojojin Arewa da na Kudu suka gwabza a yaƙin basasar ƙasar daga 1 zuwa 3 ga Yulin 1863. A rana ta uku, sojojin Kudu kimanin 12,500 suka ratsa buɗaɗɗen fili, tafiyar fiye da kilomita guda, igwa na yi musu ruwan wuta. Kusan rabinsu aka kashe, ko aka raunata, ko aka kama. Sai ka taka filin nan da ƙafarka, jagora yana nuna maka shingen da ya tsayar da su, sannan abin zai ratsa ka. Jagororin can ma sai sun ci jarrabawa ake ba su lasisi.

Ban raina masu kwaikwayo ba fa. A wurinsu za ka ga nauyin kakin ulu a tsakiyar zafi, da yadda ake ɗura bindiga ta baki. Amma yaƙin wasa tsakanin ɓangarori biyu a inda aka zubar da jini ba ya kwanta mini, kuma hukumar da ke kula da filin ta hana shi, sai dai a yi a gonakin kewaye.