Garmahon Baba: yaya ake tambayar masu tara tsofaffin kaya kuɗinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Bayan rasuwar mahaifinmu muna kwashe kayan ɗakinsa, sai muka ci karo da garmaho a ƙarƙashin gado, baƙi, mai siffar akwatin tafiya, da hoton kare a cikin murfinsa, ga kuma faifai cikin wata adaka. Na kakanmu ne da ya yi aikin reluwe. Ƙanena ya duba intanet ya ce irinsa miliyoyi ake sayarwa. Aka ba ni lambar wani dattijo a Kaduna mai tara irin waɗannan kaya, na tura masa hoto ɗaya na ce, "Nawa wannan zai yi?" Ya ce, "Sai na gani." Tun daga nan shiru. Laifi na yi ne? Magada na jira a san kuɗinsa kafin a raba.
Wata mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashi.

Ba wani babban laifi kika yi ba, amma kin shiga zaure ba sallama. Dattijon nan bai san ko ke wace ce ba, bai san sayarwa za ki yi ko ajiyewa ba, hoto ɗaya kawai ya gani, aka ce ya yanke kuɗi. Cinikin biri a sama ke nan, kuma mai mutunci ba ya yin sa. In ya faɗi kaɗan, gobe a ce ya so ya cuci marayu. In ya faɗi da yawa, kaya su ƙi sayuwa a hakan, a ce bai san aikinsa ba. "Sai na gani" ɗin nan amsar mai gaskiya ce, ni har ta ƙara mini natsuwa da shi.

Ki tuna kuma mutanen nan ba don kuɗi suka fara tara garmaho ba. Na zauna da irinsu. Mutum ne da zai kwashe yini yana wanke busasshen giris daga cikin inji da kananzir, don kawai ya ji faifai ya juya daidai. Abin da ya sani shekaru ya yi yana tarawa, wani ma da asarar aljihunsa ya koye shi. Idan kalmar farko da ta fito bakinki ita ce "nawa", abin da zai ji shi ne ba ruwanki da kayan, ba ruwanki da shi. Amma ki ce masa, "Baba, wane iri ne wannan, kuma wace shekara aka yi shi?" ki ga yadda bakinsa zai buɗe. Maganar kuɗi za ta zo da kanta a ƙarshe, sau da yawa ma shi zai ɗauko ta.

Saboda haka ki sake kiransa, da baki, ba a rubuce ba. Ki gaishe shi, ki faɗi wanda ya ba ki lambarsa, ki nemi afuwar gaggawar da kika yi. Sannan ki gaya masa gaskiyar lamari: kayan gado ne, magada na son sanin ƙimarsa. Kada ki ɓoye wannan. Masu tara kaya sun gaji da wanda zai zo da sunan "ina son sanin tarihin kakana", kwana biyu su ga kayan a kasuwa an maƙala masa bayanin da suka bayar kyauta, har da sunansu a matsayin shaida. Ki tambaye shi lokacin da ya fi masa sauƙi, da kuma hotunan da yake so.

Hotuna kuwa ki ɗauke su da rana a tsakar gida, kan tabarma. Akwatin a rufe ta kowane gefe, sannan a buɗe. Tambarin da ke cikin murfi, kusa-kusa. Kan da ke riƙe allura, gaba da baya, domin na wasu an yi bayansa da wani ƙarfe maras ƙarko da ke kumbura ya tsage in ya tsufa. Hannun da ake murɗawa a yi wa injin wani, in yana nan. Ki nemi lambar samfuri. A wasu tana kan wata 'yar alama a ƙarƙashin farantin da faifai ke hawa. Inda fata ta ɓare, inda tsatsa ta ci, inda gara ta taɓa, duk ki nuna. Wanda ya ɓoye aibi a hoto, ranar da aka zo gani da ido shi zai ji kunya.

Ina roƙonki kada kowa ya "gyara" shi kafin masani ya gani. Kada a shafa masa fenti, kada a goge tambarin da omo, kada a kai wa mai gyaran rediyo. Kada kuma yara su yi ta murɗa hannun injin. A cikin injin akwai sifirin, doguwar tsinkiyar ƙarfe a naɗe, wadda ta shekara da shekaru ba ta motsa ba. Masani a hankali yake murɗawa, kunnensa a jikin akwati, yana sauraren ko za ta yi "dum" alamar giris ya daskare. In aka matsa mata ta tsinke, kuɗin kayan ya ragu nan take, buɗe gidanta kuma ga wanda bai iya ba hatsari ne, tana iya yanke yatsa.

Yanzu ga maganar miliyoyin ƙanenki. Hoton karen nan tambarin His Master's Voice ne, na kamfanin Gramophone na Ingila da aka kafa a 1898, wanda ya haɗe da Columbia a 1931 suka zama EMI. Daga bayaninki, zai yiwu naku samfurin 101 ne, da aka fara yi a 1925, ko 102, da ya fito a 1931 aka ci gaba da ƙera shi har ƙarshen shekarun 1950. Kayan kirki ne, masu tarawa na son su, amma an yi su da yawa ƙwarai, kuma baƙin shi ya fi yawa. Ja da shuɗi da kore sun fi tsada. Tsufa kaɗai ba ya sa kaya tsada. Ƙaranci ne, da lafiyar kayan, da cikar sassansa na asali. Abin da ƙanenki ya gani kuwa kuɗin da mai kaya ya sa ne, kowa ma na iya sa wa kayansa suna yadda ya ga dama. Ya duba nawa aka sallama wanda aka riga aka sayar. Sannan farashin Landan daban, na Zariya daban: yawancin masu sayen suna can Turai da Amurka, kayan ga nauyi, kuɗin aikawa kaɗai zai cinye kaso mai tsoka.

(Ga sauran masu karatu: garmahon nan mai ƙaton ƙahon tagulla mai walƙiya da ake gani a shagunan kayan ado, da hoton kare sabo fil, galibinsu na kwaikwayo ne da ake haɗawa a Indiya da injinan tsofaffin ƙananan garmaho. In masani ya ce naka irin wannan ne, kada ka yi fushi da shi, ba shi ya ƙera ba.)

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan. Ki raba mai faɗin ƙima da mai saye. Tun farko ki tambayi dattijon cikin ladabi, "Baba, ko kai ma kana da sha'awar saye?" In ya ce e, babu laifi, amma daga nan abin da zai faɗa tayi ne, kuma kina da damar cewa albarka. Ki ji ta bakin wani mutum ɗaya ko biyu, ki kuma sanar da kowannensu cewa kin tambayi wani. Mutanen nan ba su da yawa, sun san juna, ɗaukar maganar wannan a kai wa wancan a ɓoye don a tayar da farashi ba ya daɗewa bai fito fili ba. In kuma ya ce ba saye zai yi ba, to ya ba ki lokacinsa da iliminsa ne. In ya taso daga Kaduna, kuɗin mota wajibinku ne, tukwici kuma kyautatawa. In magada na son ƙimar a rubuce, ki tambaye shi ladan aikinsa kai tsaye. Bayan komai ya lafa ki kira ki gaya masa yadda aka ƙare, wannan 'yar kiran tana yi musu daɗi fiye da yadda kike zato.

Idan ƙimar ta fito ba ta kai yadda ake tsammani ba, ni dai da zan ba da shawara, ɗaya daga cikinku ya riƙe kayan a cire daga rabonsa, in duk magada sun yarda. Ku tuntuɓi malamin da zai raba muku gado kan haka.

Faifan nan kuma kada ki raina su. Masu juyi 78 ne a minti ɗaya, suna fashewa in sun faɗi, zafin rana na lanƙwasa su. A jera su a tsaye a inuwa, kada a goge su da sifirit domin yana narkar da su, kuma allurar ƙarfe sau ɗaya ake amfani da ita a canza. Ki rubuta abin da ke kan takardar tsakiyar kowanne: kamfani, lamba, sunan mawaƙi, harshe. Na kiɗan Turawa sun cika duniya. Na Afirka ta Yamma kuwa, irin waɗanda kamfanin Zonophone ya ɗauka a Landan daga 1927 cikin harsunan yankin nan har da Hausa, ko na kamfanin Decca da suka biyo baya, kaɗan ne suka tsira, kuma wani faifai ɗaya na iya fin akwatin daraja. Ki kai wa dattijon wannan jerin tare da hotunan. In kin ga na Hausa a ciki, don Allah ki rubuto mini sunan mawaƙin.