Ba a tura ni bita ba, yaya zan gyara koyarwata?

Malama, kin ce an daɗe ba a tura ki bita ba, kina neman yadda za ki gyara darasinki. Kada ki tsaya jira. Ki ware ɗan littafi. Da an tashi, ki rubuta inda yara suka yi tsit da tambayar da ta gagare su. Gobe daga nan za ki fara.

Ki kuma ɗauki muryarki a waya na minti 10, ki saurara a gida. Yawancinmu surutu ya yi mana yawa, yaro bai gama tunani ba mun ba shi amsa.

In ƙarin karatu kike so, ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari nan Sakkwato, Cibiyar Malamai ta Ƙasa (NTI) ta Kaduna ma tana koyarwa daga nesa.