Tambaya da Amsa: Mece ce "vin nature" da ake ta nema a gidajen abincin Faransa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Damagaram ne, ina aiki a wani gidan abinci a birnin Liyon na Faransa. Ba na shan giya, amma ni ke kai wa baƙi kwalba kan tebur, kuma kusan kullum sai an tambaye ni ko muna da "vin nature". Ran nan wani baƙo ya mayar da kwalba ya ce ta lalace, mai gidanmu kuwa ya ce haka halinta yake. Don Allah mece ce ita? Da gaske ne ba ta da sinadari, ba ta sa ciwon kai? Kuma don me ta fi tsada alhali an ce ba a zuba mata komai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya taimaka a bakin aiki. Abu na farko, "vin nature" na nufin giyar inabi da aka bari ta tsima da kanta ba tare da ƙare-ƙare ba, amma kada sunan ya ruɗi kowa: giya ce, mai bugarwa kamar sauran, barasar da ke cikinta galibi tsakanin kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari. Hukuncinta da hukuncin aikinka na malamai ne. Ni fannina kimiyyar abinci, a nan zan tsaya.

Idan aka matse inabi aka bar ruwan a ganga, da kansa zai fara tsima. Akwai ƙwayoyin yisti a bawon inabin, da jikin gangunan, da bangon ɗakin ajiya. Su ke cinye sukarin su mayar da shi barasa, iska na fita yana kumfa. Haka aka yi shekaru dubbai ba wanda ya san dalili, sai da Louis Pasteur, wanda ya tashi a garin Arbois na yankin Jura, ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke aikin, su ne kuma ke ɓata shi. Littafinsa kan giyar inabi ya fito a 1866. Tun daga lokacin masu sana'ar suka yi ta neman hanyar juya akalar tsimin yadda suke so.

Yau doka ta ba mai haɗawa dama mai faɗi. Yana iya zuba yistin leda da aka tace a masana'anta. Idan rana ba ta wadata ba inabi bai nuna sosai ba, a arewacin ƙasar ana ƙara sukari kafin tsimi don barasa ta ƙaru, dabarar da ake jingina wa Jean-Antoine Chaptal tun 1801. A kudu mai zafi kuwa tsami ake ƙarawa. Ana wanke gurɓin giyar da farin ƙwai, ko furotin na madara, ko wani yumɓu mai suna bentonit, sannan a tace. A gona kuma, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, takin zamani da maganin kashe ciyawa suka zama ruwan dare.

Masu bore wa wannan tsarin maƙwabtanka ne, domin yankin Beaujolais yana arewa da Liyon kaɗan. A can ne wani ɗan kasuwar giya masanin sinadarai, Jules Chauvet, wanda ya rasu a 1989, ya shafe rayuwarsa yana nazarin yisti. Ra'ayinsa shi ne gonar da aka kashe da magani ba ta da yistin kirki, inabi mai lafiya kuma ba ya bukatar yawan taɓawa. A farkon shekarun 1980 Marcel Lapierre na ƙauyen Villié-Morgon ya ɗauki shawararsa, Jean Foillard da Guy Breton da Jean-Paul Thévenet suka bi. Lokacin kasuwar Beaujolais Nouveau ke tashe, wato sabuwar giyar yankin wadda ake saki ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba, kuma da yawanta ƙamshin ayaba take yi saboda irin yistin da ake zuba mata. Gona daban-daban, ƙamshi ɗaya. Wannan ne ya dame su.

Shekaru da yawa kowa na iya kiran giyarsa "nature" ba mai bincike. Sai a 2020 hukumar yaƙi da algus ta Faransa ta amince da tambarin "Vin Méthode Nature" na wata ƙungiyar masu sana'ar. Sharuɗɗansa: gonar ta kasance tana da shaidar noma ba magungunan zamani, a tsinki inabi da hannu, yisti ya zama na wurin, ba ƙarin sukari ko tsami, ba dafawa, ba tacewa mai tsanani. Ka lura, tambarin "bio", wato na noma ba magungunan zamani, shi kaɗai bai kai nan ba. Giyar bio, wadda Tarayyar Turai ta yi wa doka a 2012, tana iya ɗauke da yistin leda da wasu ƙare-ƙare. Kuma da yawa daga cikin fitattun masu yin vin nature ba su ma sa tambarin, sunansu ke sayar musu.

Inda gizo ke saƙar shi ne farar wuta. Tun da daɗewa ake ƙona ta a cikin ganga, yanzu kuma ana zuba ta a ruwa ko gari, ita ce "sulfites" da kake gani a jikin kwalba. Aikinta biyu: tana hana iska ɓata giyar, tana kuma danne ƙwayoyin da ba a so. Dokar Turai ta yarda da har miligiram 150 a lita ga jar giya marar zaƙi, 200 ga fara. Ga bio an rage zuwa 100 da 150. Vin Méthode Nature kuwa ba ta wuce 30, kuma ba a zubawa kafin tsimi ko cikinsa, wasu ma ba sa zubawa sam. Amma ko ba a zuba ba, yisti da kansa yana samar da kaɗan, shi ya sa za ka ga kwalbar da ba a ƙara mata komai ba amma an rubuta "contient des sulfites", domin doka ta tilasta rubutun da zarar an haura miligiram 10. Saboda haka maganar "ba sinadari" talla ce kawai. A gona ma manomin bio yana fesa farar wuta da ruwan jan ƙarfe don maganin fumfuna, jan ƙarfen kuwa taruwa yake a ƙasa, har Turai ta ƙayyade shi zuwa kilo 28 a hekta cikin shekara 7.

Cire farar wuta ba sakaci ba ne, aiki ne ya ninka. Ka duba kindirmon da Bafulatana ke yi da yogot ɗin kamfani. Na kamfani kullum ɗanɗano ɗaya, nata kuwa yana bin ciyawar da shanu suka ci da ƙwaryar da aka zuba, kuma ran da ƙwarya ba ta wanku ba nonon ya tafi. Haka mai vin nature yake. Dole ya tsince ruɓaɓɓen inabi ɗaya bayan ɗaya, ya cika ganga har baki don kada iska ta samu wuri, ya riƙa shinshinawa yana duba ruwan da madubin ƙara girma. Idan ya yi sake, ƙwayoyin da ke yin khal su shiga, ko wani yisti mai suna Brettanomyces ya sa ta warin garke, ko ta yi abin da Faransawa ke kira "goût de souris", wani ɗanɗano mai kama da warin ɓera da ba a jin sa a hanci sai bayan an haɗiye.

Nan ne nake saɓa wa masu zafin ra'ayi a wannan harkar. Abin da Faransa ke tinƙaho da shi a giyarta shi ne wuri. Dokar AOC ta 1935, mai kare sunan wurin da giya ta fito, a kan haka aka gina ta: suna na ƙasa ne, ba na kamfani ba. A yankin Bourgogne an yanka gangaren tuddai zuwa filaye sama da 1,200 masu suna, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Inabi iri ɗaya, Pinot Noir, amma gonaki biyu da hanya kawai ta raba su sai farashinsu ya yi nisa kamar sama da ƙasa. Gonar Romanée-Conti da ake ta ambato ba ta kai hekta 2 ba. Idan yistin leda da ƙare-ƙare suna shafe wannan bambancin, to warin garke ma shafe shi yake yi. Brettanomyces na yankin Jura da na yankin Loire warinsu ɗaya ne. Giyar da ta ɓaci ba ta faɗin gonar da ta fito. Shi ya sa manyan gidaje irin su Domaine Leroy da Domaine de la Romanée-Conti suka bar magungunan zamani a gona, suna barin yistin wurin ya yi aikinsa, amma ba su yi rantsuwa da ƙin farar wuta ba. Gidan Lapierre kansa yana fitar da giyar Morgon iri biyu, ɗaya da 'yar farar wuta, ɗaya babu.

Tsadar kuwa daga gona take. Noma da tsinka da hannu suna cin kuɗin ƙwadago, amfanin hekta bai kai na mai taki ba, kuma shekarar da ta zo da masifa, irin sanyin da ya ƙone tohon inabi a Afrilun 2021, wanda ya haramta wa kansa gyara ba shi da abin rufe asara. Ganga ɗaya ta juye, ta tafi ke nan.

Batun ciwon kai a taƙaice: barasar ce babbar mai laifi. Akwai masu jin illar farar wuta da gaske, musamman wasu masu asma, amma busasshen abirkot, wani ɗan itace da ake sayarwa a kanti, yana iya ɗaukar farar wuta har miligiram 2,000 a kilo, ya fi giya nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana a 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya.

Game da kwalbar da aka mayar, ba sai ka ɗanɗana ba. Gurɓi-gurɓi, ko laka a gindin kwalba, ko 'yar kumfa lokacin buɗewa, duk ba lalacewa ba ne, rashin tacewa ne da ragowar iskar tsimi. Warin ashana ko na ƙwai da farko yakan tafi idan aka juye ta a tulun gilashi ta sha iska na 'yan mintoci. Amma idan warin khal ne ko na man goge farce ya rufe komai, ko baƙon ya ambaci "souris", to da gaskiyarsa, a canza masa, iska ba za ta gyara ba, ƙara muni ma take yi. Ka kuma duba inda kuke ajiye su. Irin waɗannan kwalabe suna son sanyin da bai wuce digiri 14 ba, idan kuwa a kusa da murhun kicin suke kwana, laifin na iya zama ba na mai gonar ba.