Tambayi Likita: Hannun da ya daina aiki, da tiyatar juya jijiya

Yawancin saƙonnin wannan makon a kan hannu suka zo, don haka na tara su wuri ɗaya. Masu tambaya kan hawan jini da basir su yi mini haƙuri sai mako mai zuwa.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗan acaɓa ne a Sabon Gari. Shekara biyu ke nan na yi haɗari na karye a damtsen dama. Ƙashi ya haɗe, amma hannun ya langaɓe daga wuyansa, ba na iya ɗaga shi, yatsun ma ba sa miƙewa. Wasu sun ce akwai aikin da ake yi, wasu sun ce lokaci ya wuce. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba. Kowane ɓangare yana da rabin gaskiya.

Manyan jijiyoyin saƙo uku ne ke sauka hannu daga wuya. Ɗaya daga cikinsu tana zagaya ƙashin damtse ta baya, manne da shi, shi ya sa karaya a nan takan taɓa ta. Ita ce ke ba da umarni ga tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu. A wurin mafi yawan mutane bugu kawai take sha, cikin wata uku zuwa huɗu ta farfaɗo da kanta. Idan ta tsinke, ɗinke ta ake yi, amma tofuwarta a hankali ne, kamar milimita 1 a rana, ita kuma tsoka ba ta jira fiye da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bayan haka ko saƙon ya iso ba za ta amsa ba. To, wannan lokacin kam ya wuce ka.

Wanda bai wuce ka ba shi ne na tiyatar juya jijiyar tsoka, wato farar igiyar nan mai tauri da ke haɗa nama da ƙashi, irin wadda kake gani a ƙafar saniya a teburin mahauta. Allah ya yi wa hannu tsokoki fiye da ɗaya a kan wasu ayyukan. Kamar magidanci ne mai 'ya'ya uku a gonar tudu, ta fadama kuma babu kowa, sai ya ɗauki ɗaya ya tura can. Likita zai kwance igiyar tsokar da ke kifa tafin hannu ya ɗinke ta a kan wadda ke ɗaga wuyan hannu. Cikin tsokoki biyu masu lanƙwasa wuyan hannu zai ɗauki ɗaya ya ba yatsu huɗu. Babban yatsa kuma a ba shi wata siririya. Haɗa babban yatsanka da ƙaramin, ka ɗan lanƙwasa hannun mai lafiya, za ka ga ta taso a tsakiyar wuyan hannu. Idan ba ka gan ta ba kada ka damu, akwai waɗanda aka haifa babu ita, kuma akwai madadinta.

Sharaɗin shi ne gaɓoɓin su kasance da laushi. Tun yau ka riƙa sa ɗaya hannun kana miƙe wuyan hannun da kowane yatsa, safe da yamma. Bayan aikin za ka yi kamar mako huɗu da filasta, sannan ka shiga hannun masu gashin ƙashi su koya wa tsokar sabon aikinta. Ka je Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya ka nemi ganin likitocin ƙashi ko na gyaran sassan jiki, ko kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kafin nan, don Allah ka ajiye babur. Hannun da ke murɗa totur da kama birki ne fa ya lalace.

Tambaya: Jijiyar da ake sa wa mutum ta wani ce ko ta dabba?

Amsa: Taka ce, daga hannunka. Ba a ciro ta ba ma, bakinta kawai ake sauya wa mazauni.

Tambaya: Idan aka yi aikin, zan dawo ina jin zafi da sanyi a yatsun da suka mutu?

Amsa: A'a. Motsi yake dawo da shi, ba ji ba. Ka ci gaba da kiyaye hannun daga wuta da kaifi.

Tambaya: Likita, ni uwa ce daga Tudun Jukun. Ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga bishiyar mangwaro wata huɗu da suka wuce, ya karye a gwiwar hannu. Kakarsa ta ce a kai shi ɗori, don asibiti yanke hannu suke yi. Kwana uku yana ihu ba barci, aka ce ƙashi ne ke kamawa. Da aka kwance, fatar duk ta yi bororo. Yanzu hannun ya rame, yatsun sun dunƙule. Mai ɗorin ya ce jijiya ce ta hau, a mayar da shi ya ja. In mayar?

Amsa: Kada ki mayar da shi, 'yar'uwa. Kada ki bari kowa ya ja hannun nan. Wannan saƙon naki shi ya fi damuna a duk na makon, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsar, kuma ki karanta wa maigidan da ita kakar.

Ihun da yaron ya yi na kwana uku ba ƙashi ne ke kamawa ba. Naman hannunsa ne ke mutuwa. Babbar jijiyar jinin hannu tana wucewa ta gaban gwiwar hannu, daidai inda yara ke yawan karyewa. Karaya kuma dole ta kumbura. Tsokokin da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu suna cikin wata jaka mai tauri da ba ta buɗewa. To ga kumburi daga ciki, ga karare da tsumma an tamke daga waje, ta ina jini zai bi? Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kamar awa shida. Wadda ta mutu takan koma tabo, tabon ya ƙanƙance, ya janyo yatsu su dunƙule. Ki gwada a hankali: idan kika lanƙwasa wuyan hannunsa ƙasa, yatsun za su ɗan buɗe, idan kika miƙe shi su ƙara dunƙulewa. Alamarsa ke nan. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan ciwon tun 1881, kuma tun a lokacin ɗauri mai tsanani ya ɗora wa laifin. Sama da shekara 140 ke nan, mu kuma har yau muna tamke hannun yara muna cewa kuka alamar sauƙi ce. Abin yana ƙona mini rai.

Ba na raina masu ɗori. Sana'ar gado ce, suna kusa da jama'a, kuma akwai karayar da ko an bar ta ma za ta haɗe. Amma mai ɗori ba ya ganin cikin hannu, ba shi da hoto, kuma karayar gwiwar hannun yaro ba wurin gwaji ba ce. Maganar cewa asibiti yanke hannu suke yi kuwa, ku duba yadda abin yake faruwa. Ana kawo mana yaro bayan mako ɗaya ko biyu, hannu ya yi baƙi, yana wari, zazzaɓi ya rufe shi. A wannan matakin ko a cire hannun ko guba ta bi jini ta kashe shi. Sai a koma unguwa a ce likitoci sun yanke, ba wanda zai ambaci ɗaurin da ya kashe hannun tun a gida. Yaron da aka kawo ranar da ya faɗi, hoto ake yi masa, a gyara ƙashin, wani lokaci a sa 'yan siraran ƙarafa na makonni kaɗan, ya koma makaranta da hannunsa.

Yanzu me ya rage wa ɗanki? Ya danganta da yawan naman da ya tsira, kuma sai an duba shi. Idan ɓarnar kaɗan ce, gashi da abin tallafe hannu da ƙaramar tiyatar sassauta tsoka kan wadatar. Idan matsakaiciya ce, a cire mataccen naman, a 'yantar da jijiyoyin saƙo da tabo ya shaƙe, sannan a juyo igiyar wata tsoka mai rai daga bayan hannu ta riƙa dunƙule yatsu. Idan duk sun mutu, sai an ɗauko tsoka daga cinya da jijiyoyinta an dasa, aikin da ba ko'ina ake yin sa ba. Ba zan ɓoye miki ba, da wuya hannun ya koma kamar ɗan'uwansa. Amma hannun da zai riƙe cokali da alƙalami ya fi wanda aka bari ya sandare, kuma kowane wata da ya wuce gaɓoɓin ƙara ƙagewa suke yi. Ki kai shi Shika cikin wannan makon.

Sauran iyaye kuma ku riƙe wannan. Duk ɗaurin da aka yi wa karaya, na gida ne ko filastar asibiti, idan ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko yaro ya ƙwalla ƙara in an miƙe masa yatsa, ko yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun sauya launi, ko ya ce ba ya jin su, a sassauta ɗaurin nan take a tafi asibiti. Ko da tsakar dare ne. Kada a jira asuba, kada a jira mai ɗori ya dawo daga kasuwa, kada a jira izinin wanda ke wani gari.

Tambaya: Ni yaron mahauci ne. Kwana goma ke nan wuƙa ta yanke ni a cikin yatsa. Na zuba baƙin mai jinin ya tsaya, aka ɗinke mini a kemis. Ciwon ya kama warkewa amma yatsan ba ya lanƙwasuwa.

Amsa: Baƙin mai kuma? Haba ɗana. Man da aka juye daga inji, me zai yi wa ciwo ban da dauɗa? Haka masu zuba toka da garin batir da ƙasa. Tsumma mai tsabta a danne, a ɗaga hannu sama, shi ke tsayar da jini. Fata aka ɗinke maka, igiyar da ke lanƙwasa yatsan tana nan a tsinke, tana kuma janyewa zuwa tafin hannu. Cikin mako biyu zuwa uku na farko ana iya haɗa bakin biyu kai tsaye. Bayan nan sai an yi ƙari ko juyi, aikin ya fi wuya, sakamakon kuma bai kai ba. Gobe da safe ka kama hanyar asibiti, ka kuma gaya musu ko an yi maka allurar tetanus.

Tambaya: Mahaifinmu ya gama shan maganin kuturta shekara uku da suka wuce, amma ƙananan yatsunsa biyu sun tanƙware. Cutar ce ta dawo?

Amsa: Ba lallai ba. Yawanci tabon da cutar ta bari ne a jijiyar saƙon da ke bi ta bayan gwiwar hannu, ƙananan tsokokin tafin hannu suka shanye. Irin hannun Baba ne ma ya sa wannan tiyatar ta bunƙasa: wani likita ɗan Ingila, Paul Brand, ya yi shekaru a Vellore ta ƙasar Indiya yana juya jijiyoyi don miƙe yatsun masu kuturta. Yatsa na da igiyoyi biyu masu lanƙwasa shi, sai a ɗauki ɗaya a tsaga ta a raba wa sauran. Mu a Zariya abin a ƙofar gidanmu yake, ga cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye. Ku kai shi su tabbatar cutar ta kwanta, su ga ko gaɓoɓin na da laushi, su nuna muku inda za a yi aikin. Kafin nan ya riƙa jiƙa hannun a ruwa, ya shafa mai, ya miƙe yatsun kullum. A raba shi da butar shayi mai zafi da kaskon wuta lokacin hunturu, don ƙuna da raunin da ba a ji su ne ke cinye yatsu, ba cutar ce ke guntule su ba.

Kuma a daina ɓoye mai farin tabon da ba ya jin taɓi. Ƙwayar cuta ce, ba gado ba, ba baki ba, ba naman akuya ba. Maganin kyauta ne, wata 6 ko 12. Raunin hannun da bai kai wata shida ba sau da yawa ana dawo da shi da magani ba tare da tiyata ba, idan an zo da wuri.

Tambaya: Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki wata biyar da suka wuce. Za a iya yi mata wannan aikin?

Amsa: Da wuya. Matsalarta daga ƙwaƙwalwa take, kuma aikin yana buƙatar tsokar da mutum ke iya sarrafawa. Ku dage da gashi da maganin hawan jini. A bar tsaga da ƙaho a hannun Hajiya, ba abin da suke ƙara mata sai rauni.

Tambaya: Ni tela ne, ina da ciwon suga. Zan iya yin aikin, kuma yaushe zan koma kan keke?

Amsa: Za ka iya, idan an daidaita sugan tukuna, kuma in kana shan taba ka bari. Ka yi lissafin kamar wata uku kafin ka koma yanka da almakashi. Kada ka cire filastar da kanka don ɗinkin sallah ya matso, ɗinkin da ke cikin hannun zai iya ɓallewa. Idan ka ga kumburi, ruwa ko zazzaɓi bayan aikin, ka koma asibiti a ranar.