Maiƙo a jini da juna biyu: ni ma an taɓa ba ni wannan takardar

'Yar'uwa, ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce cikinki wata uku, gwaji ya nuna kolestarol ɗinki, wato maiƙon jini, ya hau, kina tsoron ko hawan jini ne ke tafe. Irin takardar nan aka ba ni a cikina na biyu, na ninke ta na cusa ƙarƙashin katifa.

Sai daga baya likita ta yi min bayani. Maiƙon jini dama yakan ƙaru wa kowace mai ciki, musamman a watannin ƙarshe. Amma idan ya hau tun da wuri, an fi sa wa mace ido, don masu shi sun fi faɗawa hawan jinin da ke zuwa bayan sati 20. Alama ce, ba hukunci ba.

Ni babu wanda ya sa min ido. Ƙafata ta kumbura, zobena sai da sabulu ya fita. Uwar mijina ta ce ai cikin namiji ne, raki ne irin na 'yan boko, ita haihuwa tara ta yi ba ta san awo ba. Ta hana ni zuwa, ta bi ni da jiƙe-jiƙe. A sati 33, cikin dare, kaina kamar ana sara, idona na ganin walƙiya, ga ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama. A cikin a-daidaita jijjiga ta kama ni, na tauna harshena har jini ya ɓata hijabin. Aka samu jinina 170/110, aka yi min allurar magnesiyam ta tsayar da jijjiga, aka yi aiki aka ciro yaron. Har yau cewa take iska ce ta taɓa ni. Ko sannu!

Don Allah kar ki saya wa kanki maganin rage kolestarol a kemis, likitoci ma sukan dakatar da shi ga mai ciki. Ki tambaye su ko kin cancanci ƙaramin asfirin, daga sati 12 ake farawa, a cikina na uku shi aka ɗora ni a kai. Kuma duk awo ki matsa a duba fitsari. In kin ga awon hawan jininki ya kai 140/90, ko tsakar dare ne ki tafi asibiti.

Soye-soye da kitsen nama ki rage, amma kar ki zauna da yunwa. Ki ja maigidan ya raka ki ko sau ɗaya, ya ji daga bakin likita. Nawa sai a ƙofar ɗakin tiyata ya fara yarda da ni.