Tambaya da Amsa: Kayan haɗa manhaja sun tsufa, a gyara ko a sauya?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, duka daga nan cikin Maradi, kuma duka a kan kayan da muke haɗa manhajar yanar gizo da su ne, kayan nan da ba mai tunawa da su sai ranar da suka ƙi aiki.

Ta farko daga wani matashi ce a unguwar Ali Dan Sofo: "Malam, a farkon 2021 na yi wa wani ɗan kasuwar aya da riɗi manhajar lissafin kaya da Create React App, kayan fara aikin manhajar React. Tun lokacin ban sake taɓa ta ba. Yanzu ya ce in ƙara masa shafin bashi. Na sa sabon Node, manhajar da ke tafiyar da kayan haɗawar, sai aikin ya ƙi tashi, yana nuna ERR_OSSL_EVP_UNSUPPORTED. Abokaina sun ce in koma Vite, wani sabon kayan haɗa manhaja. In koma, ko in lallaɓa tsohon?"

Ƙanena, kwantar da hankalinka, ba kai ka ɓata komai ba. Aikin da aka fara a wancan lokaci yana tafiya ne kan react-scripts 4, wato injin Create React App, shi kuma webpack 4, mai tattara fayiloli wuri guda, shi ne a ƙarƙashinsa. Webpack 4 yana yi wa fayiloli tambari da wata tsohuwar hanyar lissafi mai suna MD4, ita kuwa manhajar tsaro ta OpenSSL 3 da ta shigo cikin Node tun daga siga ta 17 ta rufe wannan hanya, sai in an buɗe ta da gangan. Idan ka sa NODE_OPTIONS=--openssl-legacy-provider kafin ka tada aikin, zai tashi yau ɗin nan. Yi hakan, ka gama wa mai kayan shafin bashinsa, ka karɓi haƙƙinka. Kada ka haɗa ƙarin shafi da sauya kayan aiki a rana ɗaya, domin idan lissafi ya rikice ba za ka san wanne ne ya jawo ba, kuma kuɗin mutane ne a ciki.

Amma wannan tokare katanga da icce ne. Bayan ka miƙa aikin, ka koma Vite, ina tare da abokanka. Masu kula da React da kansu sun sanar a Fabrairun 2025 cewa sun ajiye Create React App. Hawa zuwa react-scripts 5 zai kawar da wannan kuskuren, sai dai gida ne da masu shi suka riga suka tashi, ba dalilin zuba gumi a kansa. Vite kuwa Evan You ne ya fito da shi a 2020, mutumin da ya ƙirƙiro Vue. Saurinsa ya samo asali ne daga cewa yayin da kake aiki ba ya tattara dukan fayiloli ya ɗaure su wuri guda kamar webpack, sai ya miƙa wa burauza abin da ta nema kaɗai.

Ga inda mutane ke tuntuɓe. Ka buɗe sabon reshe a Git, ma'ajiyar tarihin rubutun manhajarka, tukuna. Fayil ɗin index.html zai fito daga public ya dawo bakin ƙofar aikin, ka sa masa layin da ke kiran babban fayil ɗinka. Duk sunan da ya fara da REACT_APP_ zai koma VITE_, kuma ba ta process.env za ka karanta shi ba, sai ta import.meta.env. Fayilolin da ke da JSX, salon rubutun React mai kama da HTML, amma sunansu ya ƙare da .js, mayar da su .jsx. Sannan abin da na fi ganin ana mantawa: Vite yana zuba kammalallen aiki a dist ne, ba a build ba. Idan sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, tana duba build, za ka yi ta turawa, mai shago kuwa yana ganin tsohon shafi, ku yi ta musu a waya. In kana da gwaje-gwajen Jest, Vitest ya fi dacewa da sabon gidan, kuma rubutunsu kusan iri ɗaya ne. Kafin ka rufe, rubuta sigar Node ɗinka a fayil .nvmrc, ka ajiye package-lock.json, jerin sigogin kayan da aikin ya dogara da su, cikin Git, ka saba da npm ci maimakon npm install duk lokacin da kake son ainihin abin da ya yi aiki jiya.

Ta biyu daga wata ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: "Yaya, kwamfutata tana da RAM giga 4 da tsohon faifai mai juyawa. Kafin aiki ya haɗu sai in yi salla in dawo. Kawuna ya ba ni ɗan kuɗi. In tara in sayi sabuwa, ko akwai dabara? Ga mega yana ƙarewa duk lokacin da na fara sabon aiki."

Ƙanwata, fara da SSD, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa. Jakar node_modules, inda ƙunshi-ƙunshin kayan da aikinki ya saukar suke zama, cike take da dubban ƙananan fayiloli, kuma karanta ƙananan fayiloli barjat shi ne abin da faifai mai juyawa ya fi kasawa a kai. Bambancin za ki ji shi tun daga kunna kwamfutar. Kafin ki biya, a buɗe injin a gabanki a ga ko SATA yake ɗauka ko M.2, a kuma duba ko RAM ɗin ana iya ƙarawa ko liƙe yake a jikin allon. In ana iya ƙarawa, kai shi giga 8. In SSD ɗin na hannu ne, sa mai sayarwa ya nuna miki lafiyarsa da CrystalDiskInfo. Abin da ya rage na kuɗin ki sa a batir mai kyau, don kin san bazararmu da ɗaukewar wuta, kuma saukar da ƙunshi da ya yanke a tsakiya yakan bar miki jaka rabi da rabi. Batun mega kuma, gwada pnpm a madadin npm: kowane ƙunshi sau ɗaya yake saukar da shi ya ajiye, duk aikin da ya buƙace shi daga baya sai ya ɗauko daga rumbun.

Ta uku wani dattijo ne mai shagon kayan gini ya sa aka rubuto: "Yaron da ya yi mini shafin shago yana neman in riƙa biyansa duk wata, wai na kulawa. Shafin yana aiki lafiya. Ba cuta ba ce?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganar yaron tana da tushe. Kai da ke sayar da kayan gini ka san gidan ƙasa: wanda ake yi wa yaɓe kafin kowace damina kuɗinsa kaɗan ne, wanda aka bari shekara huɗu sai rushewa da sabon gini. Shafinka yana tsaye ne kan ɗaruruwan ƙananan kayan da mutane daban-daban a duniya suka rubuta, kowanne da wa'adinsa. Shi kansa Node, sigoginsa da ake kulawa da su na dogon lokaci ma, galibi wata 30 ne bayan an ba su wannan matsayi. Siga ta 16 an daina gyara ta a Satumban 2023, ta 18 kuma a ƙarshen Afrilun 2025. Bayan wa'adin, ko an gano ƙofar da ɓarawo zai shiga ba mai toshe ta. A Maris 2016 ma wani ya janye ƙaramin ƙunshinsa mai suna left-pad, layi 11 kacal, aikin dubban mutane ya tsaya cak a ranar.

Sai dai a ganina, ga shafin shago ƙarami, duk wata ya yi yawa. Ku daidaita a kan duk wata uku, kuma kada ka biya sai ya kawo maka a rubuce abin da ya sabunta, ya nuna maka a wayarka cewa oda da lissafi suna tafiya daidai. Ka ce masa kuma, in ya ga npm audit, umarnin da ke binciken raunin tsaro, ya jero matsaloli da yawa, kada ya firgita ka da adadin, domin da dama cikinsu suna cikin kayan haɗawa ne da ba sa zuwa hannun masu saye, kuma kada ya buga npm audit fix --force a kan aikin da jama'a ke amfani da shi ba tare da ya gwada a gefe ba. Abu ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba: sunan shafin, da asusun sabar, da ma'ajiyar da rubutun manhajar yake, duka su kasance da sunanka, kalmomin sirrin kuma a rubuce a ajiye cikin akwatin da kake ajiye takardun shago.